Babur Ɗin da Ba Ya Tari a Gaban Makanike

Tun da hantsi Kunne yake durƙushe a gaban babur ɗin ƙanensa, shi kuwa babur yana tsaye injinsa na ta aiki sumul, kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Inji in ya lalace ya lalace gaba ɗaya, a san da wa ake faɗa. Amma wannan munafuki sai an hau titi yake tari, ya fizga, ya ɗauke wuta kamar zai mutu, sa'an nan ya farfaɗo ya ci gaba da tafiya. Da an shigo da shi gareji sai ya zama na Allah.

Kunne ba sunan yanka ba ne. Mutanen layin gareji ne suka laƙaba masa, don a zamanin kafireto ko daga tsallaken titi babur ya wuce zai gaya maka abin da ke damunsa, kuma in an kwance a tarar haka ne. Da aka fara shigo da masu injekta, waɗanda ƙwaƙwalwar lantarki ke auna musu mai, tsararrakinsa da yawa suka ce su kam ba da su ba. Shi bai ja da baya ba. Ya sayi mita, ya sayi 'yar na'urar da ake jonawa ta faɗi inda ciwo yake, ya koya da gumin goshinsa. Saboda haka a ce babur ɗin ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya gagare shi, a gaban mutanen layi, wannan ba ƙaramin cin fuska ba ne.

Me ya rage bai yi ba? A zuwan farko ya sake fulogi. A na gaba ya wanke injekta, ya sake matatar mai, ya auna ƙarfin fam ɗin da ke tura mai. Da na'ura ta nuna masa sansan da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa inji na juyawa, ya cire ya sa sabo fil. Duk da haka ga Auta ya sake dawowa yau, ido jawur.

Auta, ƙanen nasa, yana tsaye a bakin rumfa ya harɗe hannu. Ko zama ya ƙi yi.

"Yaya, jiya a gaban bas ya yi min. Ga matata a bayana. Wallahi da direban bai taka birki ba, da yanzu wani zancen ake yi."

"Na ji. Ka faɗa min da safe."

"Ina sake faɗa ne don ka san ba wasa ba ne."

Kunne ya mayar da hankali kan babur. Kamar kullum, abin da ya fara yi da babur ɗin ya shigo shi ne cire sit, wato mazauninsa, ya jingine a bango, don duk kayan cikin suna ƙarƙashinsa: batir, fis, da damin wayoyin da ya bi ta kan ƙarfe ya tafi can baya inda ƙwaƙwalwar take. Yanzu ya sake bin damin nan da yatsu, inji na aiki, yana murzawa yana ja yana lanƙwasawa, ko zai ji ya yi ko ɗan kaki ne. Ko gezau. Ya cire kowane soket ya hura, ya duba ko akwai tsatsa, ya mayar har sai ya ji ya ce ƙas. Ya kankare wayar da ke ɗaure a bodi, ya ƙara ɗaure kan batir. Ya murɗa kan babur dama, ya murɗa hagu. Ya buga makunnin jak ɗin da ake jingine babur a kai da ƙotar sukundireba. Har ruwa ya yayyafa wa wayoyin, ko jiƙa ce ke tayar da ciwon. Injin ya ci gaba da waƙarsa.

A can baya, kusa da ƙwaƙwalwar, ya ga wasu 'yan huji guda biyu a jikin baƙin tef ɗin da aka naɗe damin da shi, kusa da juna, ƙanana kamar na allura. Ya matsa wurin da babban yatsa, babu abin da ya faru, ya wuce.

Mai Faci, maƙwabcinsa na rumfar gefe, ya leƙo riƙe da tiyub a hannu. Mutum ne da ba a raba shi da tsokana.

"Kunne, ko dai kunnen ne ya fara tsufa? In kawo maka audugar sosawa?"

"Ka ji da iskarka, malam."

Ya ninke kwali ya ɗora a kan ƙarfen babur, ya haye. Haka yake gwaji tun fil azal, ba sit, don in inji ya yi tari a hanya ya iya miƙa hannu ya taɓa waya nan take. Ya fita ya zaga, ya bi ta layin da ramuka suka fi yawa da gangan, ya murɗe totur har ƙarshe a miƙaƙƙen titi, ya hau tudun bayan ma'aikatar katako a giya babba don inji ya sha wuya. Ya dawo ƙugunsa na ciwo, babur kuwa ko atishawa bai yi ba.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi, yana kashewa.

"Haka ka ce wancan karon."

"To ni zan ƙirƙiro masa ciwo? Auta, ka duba hannunka. Ba a yi wa mai injekta irin murɗar da kake yi. Kana sakin kuloc kamar wanda aka biyo."

Fuskar Auta ta canza. "Haba Yaya. Ni ne yau ban iya tuƙi ba? Kai ka koya min fa."

"Na koya maka a kan mai kafireto."

Wannan magana, ko shi Kunne da ya faɗe ta bai yarda da ita ba. Amma ga Mai Faci a tsaye, ga mai walda ya ɗaga gilashinsa yana saurare, bakinsa ya ƙi furta cewa bai sani ba.

Auta ya matso, ya rage murya. "Yau ranar awon cikinta ce. Ƙafafunta sun kumbura, likita ta ce kada ta kuskura ta fasa zuwa. Ba ta iya shiga bas, warin mai ke sa ta amai, kuma ka san cunkoson hanyar, kafin mu isa an rufe layin awo. Dole sai mun hau gada. Ni dai abu ɗaya nake so ka gaya min, Yaya. In ɗauke ta a kansa, ko kar in ɗauke ta?"

Gadar nan kowa ya san ta. Doguwa ce, ta haye layin dogo, ba ta da gefen da mutum zai raɓa, sai katangar kankare. Manyan motocin da ke fitowa daga ma'ajiyar mai da kamfanin siminti tun daga nesa suke ɗaukar gudu don su samu hawa, kuma direban da ya ɗauko gudun nan ba ya son abin da zai sa ya taka birki.

Kunne ya kalli babur, ya kalli mita, ya kalli ƙanensa. Matar Auta cikinta na fari ne, ya kuma tsufa, gidan gaba ɗaya shi ake jira. Wani abu a ƙirjinsa ya ce masa ya ce a'a. Amma ya auna duk abin da ake aunawa, da me zai kafa hujja?

"Ɗauke ta," in ji shi. "Ni na ce."

Ya ɗauko sit daga jikin bango ya ɗora, ya danna bayansa har ya kama. Wani abu ya karce shi a tafin hannu, ya yi tsaki ya goge a wando. Auta ya tayar, ya ce Allah ya saka, ba tare da ya kalle shi ba, ya fita.

Kunne ya koma kan wani tsohon inji da ke jiransa a kwance, amma hannu ne kawai ke aiki. Noti ɗaya ya ɗaure ya kwance ya sake ɗaurewa. Mai Faci ya shigo aron fulaya ya zauna a kan benci, kamar yadda ya saba, aro ya zama hira.

"Amma fa ƙanen nan naka ya iya tattalin mace. Ka ga sit ɗin? Ya kai an ƙara masa soso a baya, an yi sabuwar fata, wai don kar madam ta ji jijjiga. Ni tawa ko kan buhu na ɗora ta sai godiya."

"Yaushe ya kai?"

"Oho. Tun da cikin ya fara nauyi dai. Shi babur ɗin ma ina jin madam ce ba ya so, don ban taɓa jin Auta ya ce ya yi masa tari yana shi kaɗai ba."

Sifana ta tsaya a hannun Kunne.

Ya shiga tuno abin da Auta ke faɗa duk zuwa, wanda shi yake ji da rabin kunne don hankalinsa na kan inji. Ranar farko ya ɗauko Inna, mahaifiyarsu, daga kasuwa. Wata rana buhun shinkafa ne a baya. Jiya matarsa. Kullum da nauyi a bayan sit. Shi kuwa fa? Duk gwajin da ya yi wa babur ɗin nan, tun zuwan farko, sit yana jingine a bango.

Ya buɗe tafin hannunsa. Karcen layi biyu ne siriri, a jere, jini ya ɗan taru a kansu. Tazarar da ke tsakaninsu daidai take da ta hujin nan biyu da ya gani a jikin tef.

Masu ɗinkin sit da bindiga suke harba 'yan ƙusoshi masu ƙafa biyu su kama fata a jikin robar ƙasa. In aka ƙara soso sai a sa masu tsawo, in kuwa ɗaya ta zarce, ƙafafunta za su leƙo ta ƙasa. Babu kowa a baya, tana rataye a sama ba ta taɓa komai. Da mutum ya zauna roba ta lotsa, sai ta nutse cikin damin wayoyi, ƙafa ɗaya a wayar sansa, ɗaya a wadda ke kusa da ita, ta haɗa su. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka inji ya tsaya, ta yanke mai da wuta. Fis ba zai ƙone ba, don wayar ba mai ƙarfin wuta ba ce. Kuma kullum ƙusar ƙara faɗaɗa hujin take, yau sai ta fi jiya shiga.

"Innalillahi," in ji Kunne.

"Lafiya?"

Kunne ya miƙe zumbur. Ya zaro waya ya kira Auta. Tana ta ringi, ba a ɗauka ba, tana aljihu, inji na ƙara. Ya sake kira, haka. Ya kira lambar matar, sai ya ji muryar Inna.

"Ai ta bar wayar a caji, ɗan nan. Yanzun nan suka fita, ko kwanar layi ban ce sun sha ba. Me ya faru? Muryarka..."

Ya katse. Tsohon babur ɗinsa na gefen rumfa, mai kafireto, wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. Yau bugu ɗaya ya kama. Mai Faci na kiransa yana cewa gareji fa a buɗe, ko waiwaye bai yi ba.

Daga gareji zuwa gada akwai hanyar yanke ta cikin layin masu katako, ita ya bi. Ya tsallake kwata, ya kusa kwashe mai tura baro, aka bi shi da zagi bai ji ba. Silifas ne a ƙafarsa, ba hular kwano, iska na cika masa ido da hawaye. Abin da ke yawo a kansa kalma biyu ne kawai, ni na ce, ni na ce. Wallahi da ana sayen magana a mayar da ita ciki, da ya ba da garejin da duk abin da ke cikinsa.

Da ya ɓullo babban titi sai ya hango su can gaba, sun doshi gindin gada. Ya gane shuɗin mayafinta. Auta na tafiya a hankali saboda ita, a layin gefe, jikin katanga. A bayansu kuwa, da 'yar tazara, tankar mai ce ta ɗauko gudunta na hawa, hayaƙi na tashi baƙi ƙirin.

Ya yi ihu, ya danna hon. Ina! Wa zai ji shi a cikin wannan ƙara? Ya kwanta a kan tanki ya murɗe totur har ya ƙure, ya bi ta gefen tankar, tayoyinta na juyawa daidai kafaɗarsa, zafin injinta na dukan fuskarsa. Yana shan gabanta, su Auta na taka ƙarfen da ya haɗa titi da gada. Babur ya yi tsalle kaɗan, matar ta dawo kan sit da dukan nauyinta.

Ko a cikin hayaniyar nan Kunne ya ji shi. Tari ɗaya, tari biyu, salansa ta yi fat, sai shiru. Wannan karon bai farfaɗo ba.

Gudun babur ɗin ya zube nan take, ga hawa. Auta ya waiga, ya ga abin da ke tahowa, ya shiga danna sitata kamar mahaukaci. Matar ta ƙanƙame shi ta cusa fuska a bayansa. Hon ɗin tankar ya cika duniya, birkinta ya fara huci, amma mai ne cike da ita, ba ta tsayuwa don an so.

"Kama kuloc!" Kunne ya ƙwala da duk ƙarfinsa. "Auta, kama kuloc, riƙe kan!"

Duk makaniken babur ya san yadda ake kai mataccen babur gareji ba tare da igiya ba. Kana kan naka, ka sa ƙafa a bayan wancan, ka tura. Amma a fili ake yi, a hankali, babu mace mai ciki a kai. Kunne ya sauke giya, ya matso ta bayansu, ya nemi inda zai taka. Matakin baya ƙafarta na kai. Babu abin da ya rage sai salansa. Ya ɗora ƙafa ya miƙe gwiwa.

Nauyin ya dake shi har ƙugu. Tsohon babur ya yi kuka kamar za a yanka shi, kansa na rawa, amma ya ja. Silifas ɗin ya narke ya zame ya faɗi, tafin ƙafarsa ya sauka a kan ƙarfe tsirara. Ya ji zafin har cikin haƙoransa. Bai ɗaga ba. Inuwar tankar ta rufe su, warin taya mai ƙuna ya cika masa hanci, wani abu ya taɓa ƙarfen ɗora kaya na bayan babur ɗinsa ya ɗan ingiza shi, babur ya yi tangal-tangal ya daidaita.

"Kar ka waiwayo! Gaba, gaba!"

Kusa da ƙololuwar gadar akwai wani ɗan lungu inda katanga ta shiga ciki, wurin da masu gyaran fitilu ke ajiye kaya. Auta ya karkata kan ya faɗa ciki, Kunne ya bi shi, suka tsaya a jikin kankare da ƙafafu a ƙasa. Tankar ta wuce tana huci, direban ya leƙo yana zazzaga musu abin da ya sawwaƙa, har ya haye muryarsa na tashi.

Auta ya sauko da matarsa. Ta sulale ta zauna a ƙasa ta jingina da katanga. Auta ya juyo kan wansa.

"Yaya, ka ce..."

Kunne ya ɗingisa ya cire sit ya kifa shi. Ga ta nan, 'yar ƙusa siririya, ƙafafunta biyu sun leƙo ta cikin roba suna ƙyalli, da ɗan baƙin tef maƙale a bakinsu. Ya nuna masa, ya nuna hujin da ke jikin damin wayoyi.

"Ba hannunka ba ne. Sai an zauna a baya take taɓawa. Ni kuma ban taɓa gwada shi da sit ba."

Auta ya kalli ƙusar sau ɗaya. Hankalinsa ya riga ya koma kan matarsa, don tun da ta zauna ba ta yi magana ba. Ta ɗora hannu biyu a kan cikinta, idonta a buɗe amma ba su take kallo ba.

"Mene ne?" Auta ya durƙusa a gabanta. "Ciwo kike ji? Yi magana mana."

"Tun safe yake ta motsi," ta ce a hankali. "Yanzu na ji shiru."

Motoci na ta wucewa, gadar na girgiza a ƙarƙashinsu. Kunne na tsaye da ƙafa ɗaya, sit a hannu. Tsakaninsa da matar ƙanensa gaisuwa ce kawai daga nesa, bai taɓa tsayawa ya dube ta ba, amma yanzu ya kasa ɗauke ido daga hannuwan nan nata. Tsoro irin wanda bai ji ba ko a gaban tankar ya kama shi. Bakinsa na motsi, addu'a yake, duk wadda ta zo. Ta matsar da hannu gefe ta danna kaɗan, ta jira. Ta mayar ɗaya gefen. Auta ya riƙe numfashi har jijiyar wuyansa ta fito.

Sai ta ɗan zabura. Ta kamo hannun mijinta da sauri ta ɗora a ƙasan haƙarƙarinta.

"Ga shi. Ka ji? Shura ni ya yi."

Auta ya kifa goshi a kan gwiwarta, kafaɗunsa na rawa. Ita kuwa dariya da kuka suka haɗe mata. Ta ɗago ta dubi Kunne, daga nan idonta ya sauka ƙasa, ta dafe baki.

"Yaya, ƙafarka!"

Sai a lokacin ya duba. Fatar tafin ta saɓule, wurin ya yi fari da ja. Ya ajiye sit ɗin a hankali, ya zauna a kan kankare, ya rufe fuska da hannuwansa masu baƙin mai, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.